Fiza a Difa, Burabusko a Asaga

Tunda na dawo daga Difa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, majalisar da muke hira da abokai, ba. Da na zauna sai a fara: “Sarkin Ɗanɗano, wai da gaske ka ci fiza a ƙasar Barebari?” “Ina kifin da ka yi mana alkawari?” “Me ya sa hotuna suka tsaya cak a tsakiyar tafiya?” Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji kai, wancan ya ji wutsiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya ga abin dariya ya yi, ni ma yanzu ina iya yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, ina tsaron shagon da mahaifinmu ya bari a kasuwar Damagaram. Sarautar da abokai suka naɗa ni kuwa ban gaje ta ba, da haƙorana na samo ta. Babu mai tuwo ko mai tsire a garin nan da ban san hannunsa ba, kuma ba na kai loma baki sai na ɗauki hotonta na tura wa 'yan fada.

Amma ba ci ne ya kai ni Difa ba, aike ne. Mahaifinmu, Alhaji Idi, fataucin tattasai ya yi duk rayuwarsa. Kowace shekara, idan an fara tsinka, yakan tafi wani ƙauye a bakin Komadugu, wajen Geskeru, ya sauka a gidan wani manomi da ake kira Ba Kyari, wato Baba Kyari a Barbarci. Can yake kwana, can yake ci, har ya gama haɗa kaya. Da rikici ya zo, mutanen ƙauyen suka watse, Ba Kyari da iyalinsa suka koma Asaga, kusa da garin Difa, inda masu gudun hijira suka zauna. Baba kuma ciwo ya kwantar da shi, bai sake komawa ba har Allah ya karɓi abinsa bara. Kafin ya rasu ya ware babbar rigarsa ta Juma'a ya ce a kai wa Kyari.

Ranar da zan tafi, Inna ta naɗe rigar da hannunta, ta ce, “Sanusi, na san ka da cikinka. A gidan Ba Kyari za ka sauka. Ubanka bai taɓa cin abincin saye a ƙasar can ba. Na aika masa ya san ranar zuwanka.”

Na ce, “To, Inna.” Irin “to” ɗin nan da ke shiga ta kunnen dama ya fice ta hagu.

Mun tashi bayan asuba a babbar mota. Aka haɗa ni kujera da wani dattijon Bafulatani mai komawa Fulatari, siriri kamar sandarsa, wanda tun daga tasha bai sa komai a baki ba sai asuwaki. Ni kuwa a Mirya na sayi ƙosai, a Gidimuni na sayi rake, a Gure na sauka na tsaya kan mai tsire har sai da direba ya yi mini oda. Da muka iso Gudumariya na miƙa hannu ta taga ina cinikin dabino, sai dattijon ya cire asuwakinsa ya dube ni da tausayi.

“Ɗana, a gidanku ba a ɗora tukunya ne?”

Na ce ana ɗorawa.

“To Allah ya ji ƙan mai ɗorawar,” in ji shi, ya mayar da asuwaki.

Daga Maine-Sorowa tafiya ta canza fuska. Shinge bayan shinge, kowa ya sauka, ya nuna katinsa, ya taka da ƙafa ya tarar da mota a gaba. A wani shingen jandarma ya ce in buɗe jakata. Ya ɗaga rigar Baba da ladabi ya ajiye gefe, sai ga abin da ke ƙarƙashinta: kwalbar yaji, kilishi, cokalina na musamman, da maganin ɓacin ciki. Ya ɗaga maganin ya nuna wa abokin aikinsa ya ce, “Wannan ya zo da makami da kuma garkuwa.” Duk layin aka yi dariya, har da Bafulatanin.

A tashar Difa abokina Lawali ya tarbe ni. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, yanzu yana tuƙa motar wata ƙungiyar agaji, irin waɗanda mutanen can ke kira 'yan furoje. Tun a hanya na riga na gama shawara da kaina, kuma har ga Allah na ɗauka shawarar mai hankali ce. Na ce mutanen nan sun baro gonakinsu, suna zaune a bukkoki, abin da za su ci ma sai an yi dabara. In na sauka musu da wannan ciki nawa, ai zalunci ne. Gara in sauka wurin Lawali, in ci a gari, in je in gaishe da tsoho da cikina a cike, in miƙa riga, in dawo ban ɗora wa kowa nauyi ba. Har wani daɗi na riƙa ji a raina, ina ganin samun mai tausayi irina sai an tona.

Muna cikin taksi wata baƙuwar lamba ta kira. Murya ce ta tsoho, Hausarsa da karin Barebari.

“Ɗan Alhaji ne? Wushe, wushe da hanya. Ka iso? An sauke tukunya, muna jira.”

Na ce, “Baba, don Allah kada ku wahalar da kanku. Na riga na ci a hanya. Gobe in sha Allah ina nan tafe.”

Ya ce, “Ka ci. To.” Na kashe waya na ce wa Lawali ina wurin fizar da yake ta ba ni labari.

Mutanen Difa da wuri suke cin na yamma, don shekarun dokar hana fita sun koya musu shiga gida kan lokaci. Saboda haka bayan la'asar kaɗan muka isa. Wani fili ne da aka kewaye da zana, da kujerun roba, da tanderu irin na masu burodi. Mai wurin ya yi aiki a Yamai ne ya koyo sana'ar, da 'yan furoje suka cika garin sai ya dawo ya buɗe. Aka kawo mana abin a faranti mai faɗi. Ku da kuke ta tambaya, fiza dai gurasa ce da ta yi lakwal. An shafe ta da tumatir, an barbaɗa nama da albasa da tattasan Difa, an rufe da wani cuku mai narkewa wanda ba ya kama da cukunmu ko kaɗan.

A teburin gefe akwai wasu ma'aikata maza da mata, sai na ce ba zan ba da Damagaram kunya ba. Na ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu. Na danna, abin ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai yankan ya zame daga faranti ya tashi sama ya sauka a kan takalmin wata baiwar Allah. Da na ɗaga kai don ba da haƙuri, sai na ga duk teburinsu da hannu suke ci. Na ajiye kayan yaƙi na sa hannu ni ma, cukun ya biyo ni yana zare kamar dalayin kuɓewa, ya maƙale a gemu. Duk da haka na ɗauki hoto, kun kuma gani, har wani a cikinku ya rubuto, “Allah ya ja zamanin Sarki.”

Washegari ban je Asaga ba. Lawali ya ce motarsu za ta bi ta can jibi, in bari ya sauke ni a huce. Ya kuma ce akwai wata kaza da in ban ci ba, ban zo Difa ba. Matsalar ita ce kazar a maki ake gasa ta, wato mashaya. Na ce a'uzubillahi. Ya ce ai lemo za mu sha. Na sake cewa a'uzubillahi, amma a hankali, ina sa takalmi.

Wurin a bayan wani lungu yake, ƙofar langa-langa, kiɗa ƙasa-ƙasa. Na ja hula har gira, na zaɓi kujerar da ke fuskantar bango, na kafa kwalbar lemona a tsakiyar tebur yadda ko daga titi za a iya shaida launinta. Kazar kuwa, Allah ya gafarta mini, ta yi. Ina cikin tsotsar ƙashi na waiga, sai muka yi ido huɗu da wani Alhaji ɗan unguwarmu mai shago a kasuwar Difa, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko za ku shekara kuna roƙo. Shi ma ya ja hula, shi ma ga kwalbar lemo a tsakiyar tebur.

Ya ce, “Sanusi. Kazar ce?”

Na ce, “Kazar ce, Alhaji.”

Ya ce, “Ni ma kazar ce.” Daga nan ba wanda ya sake kallon wani.

Muna fitowa lambar nan ta sake kira. Na ce, “Baba, wani ɗan aiki ne ya riƙe ni a gari. Kada a dafa komai saboda ni, wallahi a ƙoshe nake.” A wannan karon ko “to” bai ce ba. Ya ce in gaida mutanen gari.

Kashegari da safe muka je bakin kogi. Na daɗe ina jin Komadugu a bakin Baba, na zaci wani teku ne. Ashe in mai ƙarfin hannu ya yi jifa, dutsen a Nijeriya zai faɗi. Iyakar ke nan, ruwa ne kawai, kuma mutanen gaɓa biyun dangin juna ne. A kasuwa ma mai goro sai ya tambaye ka da sefa za ka biya ko da naira. An shanya tattasai ja wur a fili, ƙamshinsa shi ne ƙamshin rigunan Baba in ya dawo daga tafiya. Na zaro waya zan ɗauki hoto, wani soja ya ɗaga yatsa daga nesa, na mayar da ita aljihu da sauri har na kusa yaga aljihun.

Da azahar Lawali ya ce saura kifi, kuma kifi a Difa sai rumfar Ya Falmata. Rumfa ce ta zana a gefen kasuwa, benci biyu, manyan tukwane, mutane sun cika ta maƙil. A nan na ga bambancinmu da Barebari. Mu a Damagaram ka ce “salamu alaikum, a zubo na kaza.” Su sai an gaisa, an sake gaisawa, an tambayi gida da gajiya da sanyi, abinci na hucewa. Ya Falmata mace ce mai jiki, ta kai shekarun babbar yayata, ta yafa lafaya, hannunta ɗaya da ludayi. Tunda na zauna take kallon goshina.

“Baƙo daga ina?”

“Daga Damagaram, Hajiya.”

“Aikin furoje?”

Da ma ta bar ni haka. Amma kun san ni, in ƙamshin miya ya bugi hancina bakina ba ya rufuwa. Na kwashe labari tas na ba ta: Baba, riga, tsohon da ke Asaga. Har na gyara zama na yi mata bayanin hikimata. Na ce, “Kin gane, Hajiya, bayin Allah ne, 'yan gudun hijira. Abin da za su ci ma da ƙyar. Ni kuma ba ƙaramin ci gare ni ba. Shi ya sa na ce gara in ci a gari, kada in ƙwace wa tsoho ɗan abin da yake da shi.”

Ta riga ta cika faranti da shinkafa, ta ɗora gutsuren kifi mai kauri, ta ɗebo miya. Sai na ga ta juye miyar cikin tukunya. Ta ɗauke kifin ta mayar. Ta juye shinkafar.

“Abinci ya ƙare,” in ji ta.

Na leƙa tukunya, ga ta nan a cike. Na ce, “Hajiya, ai ga shi...”

“Na sayarwa ya ƙare. Ba na sayar wa ɗan Alhaji Idi abinci. Tsohon da kake faɗa, Ba Kyari, shi ya haife ni. Ni nake kai wa ubanka ruwan wanke hannu tun ban kai tukunyar nan tsawo ba.”

Duk masu tauna suka juyo suna kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Difa kuwa yashi ce, amma ta ƙi.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun ranar da saƙon Inna ya iso tsoho bai zauna ba. Ɗan akuya ɗaya da yake kiwo a bayan bukka, shi ya sa aka yanka ranar da na iso. Ya sa aka share ɗakinsa, shi ya koma rumfa. Ya gaya wa duk maƙwabta cewa ɗan amininsa na Damagaram yana tafe, su zo su ga har yanzu gidan Kyari gidan saukar baƙi ne. Suka zo, suka zauna, suka tashi. Washegari aka raba naman gida-gida don kada ya lalace, kowa ya karɓa yana sunkuyar da kai.

“Gona ta tafi, bai yi kuka ba,” in ji ta. “Gida ya tafi, bai yi kuka ba. Jiya ya ce mini, ‘Falmata, ashe har Damagaram an ji na zama wanda ba ya iya ciyar da baƙo.’ Ya ce in ka kawo rigar in karɓa in ajiye, shi ba sai kun haɗu ba.”

Kunya na sha ji a rayuwata, amma irin wannan ban taɓa ji ba. Amanar da Baba ya yi shekaru yana riƙo, ni na zo na kusa tsinka ta da fiza da ƙafar kaza, kuma ina yabon kaina.

Na ce, “Yaya, me zan kai masa? Buhun shinkafa? Rago?”

Ta dube ni yadda jandarman nan ya dubi maganina. “Har yanzu ba ka gane ba. Kada ka kai masa komai. Daga yanzu kada ka sa komai a bakinka sai ruwa. Gobe da hantsi ka same ni a tashar Asaga. Ka zo da yunwa.”

Ku da kuka san ni, ku auna. Lawali, wanda nake kira aboki, ya zauna a gabana ya cinye kifinsa har ƙaya, yana cewa, “Wallahi ina taya ka jimami.” Hanyar gidansa kuma kamar da gangan aka tsara ta: mai tsire, mai awara, mai soya dankali, ga ƙamshin tanderun fiza yana biyo iska. Azumin Ramadan ma akwai sahur da buɗa-baki, kuma kowa na yi tare da kai. Wannan ni kaɗai ne a duk faɗin Difa. Kilishin da ke jakata na ba Lawali ya kulle a mota, don ban yarda da kaina ba.

Da hantsi muka shiga motar haya ni da Ya Falmata. Asaga ba nisa. Bukkoki ne na zana da tamfol, nan da can an fara ɗora ɗakunan ƙasa. Muka tarar da Ba Kyari a rumfa kan tabarma, dogo, ya rame, farin gemu, yana gyaran igiya. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba, amma idonsa na kan igiyar. Ya yi mini ta'aziyyar Baba, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, yana kallon gefe, “Na san ka ci.”

Na ce, “Baba, tun jiya da safe ban sa komai a bakina ba.”

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Sai cikina, wanda bai taɓa yi mini rana ba tunda aka haife ni, ya yi wani irin ƙugi mai tsawo, har akuyar maƙwabta ta waigo. Tsoho ya ajiye igiya. Na ga gemunsa yana rawa, yana ƙoƙarin danne dariya. Ya juya ya ƙwala kira cikin Barbarci, nan take cikin gida ya kama motsi.

Nama kam babu, na riga na yi asararsa. Burabusko aka kawo, biskin gero irin na Barebari, da miyar kuka da ɗan bandan kifi. A cikin wani tsohon akushi baƙi aka zubo shi, gefensa ya tsage an ɗinke da waya.

Ba Kyari ya tura mini shi gabana ya ce, “A cikin wannan ubanka yake ci. Ranar da muka gudu, Falmata ta ce, ‘Ba, ka bar tukwanen ƙarfe ka ɗauko katako?’ Na ce in Alhaji ya zo fa?”

Na wanke hannu, na yi bisimilla, na sa hannu inda Baba yake sa nasa. Hawaye na zuba ina ci, kuma ba zan ɓoye muku ba, hawayen ba su rage mini saurin loma ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, tsoho yana nuna ni da haɓa yana cewa, “Ɗan Alhaji ne, daga Damagaram. A nan ya sauka.” Na cinye tas, na suɗe akushin, aka ƙaro, na sake cinyewa.

Ya ce, “Ubanka yakan bar loma ɗaya saboda kunya. Kai goshinsa kawai ka ɗauko.”

Sai a lokacin ya karɓi rigar. Ya warware ta, ya kai hanci ya shaƙa, ya daɗe bai ɗago ba. A ɗakinsa na kwana sauran kwanakin, kan tabarma, kuma ban sake waiwayar gari ba. Wannan shi ne dalilin tsayawar hotuna. Ban tuna da waya ba sam.

Ranar da zan taho, wayona ya sake motsawa. Na ce, “Baba, ko za ka ba ni akushin nan in kai wa Inna? Za ta ji daɗin ganin abin da marigayi yake ci a ciki.”

Ya ɗauke shi daga gabana ya tura bayan tabarma, kamar wanda ya ga ɓarawo.

“In ka tafi da shi,” in ji shi, “baɗi a cikin me za ka ci?”